Injin gilo na ƙaramin jirgin sama na rimot yana yoyon mai? Ga yadda za ka bi sawunsa ka toshe shi

An sha tare ni da wannan tambayar, kuma kusan kullum kalamanta ɗaya ne: "Oga, injina yana zubar da mai, in kwance shi ne?" Amsata ma ba ta canzawa: ajiye alankin nan tukuna. A yawancin jiragen da suka biyo ta hannuna da wannan matsalar, inji bai yi laifin komai ba. Ɓarnar tana wajen tiyo ne ko a bakin tanki, wuraren da gyaransu bai kai kuɗin filogi ɗaya ba.

Maganar nan a kan injin gilo take, wanda wasu ke kira naitiro, wato mai shan haɗin metanol da naitiro da man shafawa. Zan ɗauki irin su O.S. 46AX mai girman cc 7.5 a matsayin misali, amma matakan sun hau kan ASP da Thunder Tiger da Super Tigre da makamantansu. Inda injin Saito ko wani mai bugu huɗu ya bambanta, zan faɗa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Man da ke ɗiga ba shi ne babbar asarar ba. Duk ƙofar da mai ya samu ya fita, iska ma za ta samu ta shiga, kuma injin da iska ta yi masa yawa mai ya yi masa kaɗan zafi yake ɗauka, ya mutu maka a sama, ko ya cinye fistin da silinda. Saboda haka muke bin yoyo, ba don tsafta kawai ba.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ka tanadi tiyon silikon mita ɗaya, mai rami kamar milimita 2.4, wanda shi ne daidai da injin wannan girman. Sai sabon matoshin tanki na roba, da zobban roba ƙanana na allurar saita mai da na gindin kafireto, da alanki na milimita, da sifanar filogi mai lamba 8, da ƙaramar filaya, da sirinji babba marar allura, da sifirit na kemis, da tsohon burushin haƙori, da tsumma mai tsabta, da hoda, da kwanon ruwa, da sabulun ruwa. In aiki ya kai ga gaskit, za ka so silikon ɗin gaskit mai jure zafi, irin wanda masu kayan mota ke sayarwa.

Batun kuɗi, tiyo da zobba su ne mafi araha, 'yan daloli ne a kasuwannin intanet. Sabon tanki irin na Du-Bro ko Sullivan ya ɗan fi su, boris guda biyu sun ɗan fi tanki, su duka kuma ba su kama ƙafar kuɗin sabon inji ba. Abin da ke cin mu a nan shi ne kuɗin aikowa da jiran makonni, don haka duk ranar da za ka yi oda, ka haɗa da tiyo da matoshi na ajiya. Sifirit da sirinji da silikon da alanki kam duk suna nan a gari.

Gargaɗi tun kafin ka sayi komai: tiyon janareto da na babur na fetur ne, ba a yi su don metanol ba, za su ƙandare ko su lalace. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti ma ba ya jurewa, na ga wanda ya gwada. Matoshin tanki shi ma kala biyu ne, na gilo da na fetur, ka duba abin da aka rubuta a ledar.

1. Tabbatar yoyon ne

Man gilo yana ɗauke da man shafawa wajen kashi 18 zuwa 20 cikin 100, na zurma ko wanda aka haɗa a masana'anta ko haɗinsu, kuma yawancinsa ba ya ƙonewa. Ta salansa yake fita ya wanke gefen jirgi da ƙarƙashin fiffike. Wannan maiƙon ba yoyo ba ne, halin injin ne, wanda ba ya son goge-goge sai ya koma jirgin batir.

Ka taɓa abin da ka gani da yatsa. In yana da kauri da santsi, ya ɗan yi duhu, man shafawa ne da ya gama aikinsa. In tsinkakke ne, mai sanyi a fata, yana da launin man da ke cikin galan, yana kuma bushewa da sauri ya bar ɗan maiƙo, ɗanyen mai ne, yoyo ya tabbata. In kuma baƙi ne ƙirin ko toka-toka, to ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a wani wuri, galibi salansa ce ta saki.

Masu injin bugu huɗu, akwai ɗan bututu a jikin akwatin inji da ke ɗigar da mai bayan kowane tashi. Hanyar numfashinsa ce. Kada ka toshe ta, ka sa mata guntun tiyo ya kai man waje.

2. Juye mai, wanke, busar

Ka zuƙe duk man da ke tanki ka mayar galan ka rufe. Cire farfela, cire murfin hanci in jirgin yana da shi, ka ajiye batirin kunna filogi nesa da kai. Toshe bakin kafireto da na salansa da guntun tsumma, sannan ka wanke inji da sifirit da burushi har ƙarfen ya fito fes. Ka bar shi ya bushe sarai.

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa suke ɓata yini suna zargin wurin da ba shi ba. Iskar farfela baya take kora komai, don haka man da ya fito a gaba zai je ya taru a baya. Ƙa'idar ita ce, wurin da ya fi kusa da hanci a cikin wuraren da suka jiƙe, nan ne tushen. A kan inji mai datti ba za ka taɓa ganin wannan ba.

Gargaɗi: metanol guba ne, kurɓa kaɗan na iya makantar da mutum, kuma yana ratsa fata. Kada ka zuƙi tiyo da baki. Wutarsa da rana kusan ba a ganinta, sai dai ka ji zafi, saboda haka a fili za ka yi aikin, nesa da murhu da taba sigari, galan kuma nesa da yara. Kada ka yi wanki da fetur, yana kumbura silikon.

3. Tiyo

Nan ne ya kamata ka daɗe. A yawancin jirage tiyo biyu ne ko uku ke fitowa daga tanki: ɗaya yana kai mai kafireto, ɗaya yana ɗauko matsin iska daga salansa zuwa tanki, na uku in akwai shi na zuba mai ne, ana toshe bakinsa.

Ka ciro kowanne ka riƙe shi a haske, ka ja shi a hankali kamar mai gwada roba ta danƙo, kana juya shi. Tsagar silikon ba ta nunawa sai an ja. Ka fi sa ido a ƙarshen da ke hawa kan bututun tagulla da wurin da tiyo ya ratsa bangon da aka ɗaure inji, don a nan girgiza ke cinsa.

Ni ma a nan na taɓa yin gyaran gangar Auzinawa. Wata Asabar na ga mai yana taruwa a ƙarƙashin inji, injin kuma yana ta canza murya. Ban yi wata-wata ba na kwance murfin baya, gaskit ɗin takarda ya yage gida biyu a hannuna, rabi a murfi rabi a jikin inji, ga shi ba ni da wani. Na yanko sabo daga takardar gaskit, na mayar, na tayar, yoyo yana nan daram. Sai da yamma, ina cire tiyo don in juye mai, na ga wata 'yar tsaga da ba ta kai tsinin allura ba, daidai inda bakin bututun tagulla ya ƙare. Ni ne na yanke bututun da zarto watanni baya ban goge bakinsa ba, ya zauna yana yanka tiyon a hankali. Gyaran duka bai wuce minti biyu ba.

Don haka in ka ga tsaga, kada ka tsaya a sauya tiyo. Shafa bakin bututun da yatsa, in yana da kaifi ka goge shi da sanfefa mai laushi. Tiyon da ya ƙandare, ko ya yi laɓo-laɓo, ko bakinsa ya buɗe har yana zamewa da kansa, jefar da shi. Zafin ƙasarmu ba ya barin roba ta yi tsawon rai, musamman jirgin da ake bari a but ɗin mota ko ɗaki mai kwano. A ganina duk wanda ya riga ya buɗe jirgi ya sauya tiyon duka kawai, lissafin tsimi a nan ba shi da amfani.

Wajen sa sabo, ka tura shi ya hau bututu da kamar milimita 6 zuwa 8, ka bar masa ɗan sassauci don kada girgiza ta fizge shi, amma kada ya yi tsawon da zai lanƙwashe ko ya taɓa salansa. Ka ɗaure bakin da siririyar waya zagaye biyu, ko ka yanko ɗan zobe daga tiyon ka ɗora a kai.

Gargaɗi: kada ka matse wayar har ta nutse cikin silikon, ita ma yanka take yi. In akwai matatar mai a kan layin, kwance ta ka duba zoben robar da ke tsakiyarta, tana yawan shan iska ta nan. Masu injin YS kuma, tankinsu yana riƙe matsi ko bayan an kashe inji, sai an saki iskar kafin a cire tiyo, in ba haka ba mai zai feso maka a ido.

4. Tanki

Ciro tankin gaba ɗaya. Na san wani jirgin sai an yi da gaske kafin tanki ya fito, amma ba makawa. In soson da ke kewaye da shi ya jiƙe, ka ma samu amsarka.

Gwajin ruwa shi ne mai raba gardama. Sa guntayen tiyo a duk bututun, toshe duka ka bar ɗaya, ka haɗa sirinji a wannan ɗayan. Nutsa tankin cikin kwanon ruwa, tura iska a hankali har ka ji ya ɗan kumbura a tafin hannunka, ka riƙe haka kana juya shi. Jerin ƙananan kumfa zai nuna maka wurin: ko gefen matoshi, ko gindin bututu, ko layin da aka haɗa robar tankin.

In daga matoshi ne, ƙara ɗaure sukurun tsakiya rabin zagaye ka sake gwadawa. Sukurun yana matse robar ne tsakanin faranti biyu ta kumbura ta cika wuyan tanki. In ka ƙara sau biyu kumfa bai tsaya ba, robar ta mutu, sauya ta.

Gargaɗi: ɗaurin ƙarfi yana tsaga wuyan tanki, tsagar kuma wani lokaci sai bayan kwanaki take buɗewa, jirgi yana sama. Da zarar kumfa ya tsaya, kai ma tsaya. Tankin da ya tsage kuma ba ya karɓar gam, ko wane iri ne, robarsa ba ta riƙe shi. Saya wani.

Tunda matoshi yana hannunka, duba abin da ke ciki. Akwai guntun tiyo mai ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshensa, shi ke bin mai duk inda jirgi ya juya. Wannan tiyon kwance yake cikin mai dare da rana, kuma ba mai ganinsa, don haka shi ke fara ruɓewa. In ya tsage kusa da matoshi, alamar a bayyane take: inji lafiya lau yayin da tanki ke cike, da mai ya sauka rabi sai kumfa ya cika layi inji ya mutu. Sauya shi. Ka auna tsawonsa yadda ƙarfen zai tsaya kamar milimita 6 zuwa 10 kafin bangon baya, kada ya taɓa shi. Bayan ka rufe, juya tankin sama da ƙasa, ya kamata ka ji ƙarfen yana faɗuwa ƙwas-ƙwas ta kowane ɓangare. In jirgi ya taɓa dukan ƙasa da hanci, ƙarfen kan wuntsilo gaba ya maƙale, tiyon ya naɗe. Riƙe jirgin hanci sama ka girgiza, galibi yana komawa.

Bututun iska na ciki ya lanƙwasa sama ya kusa taɓa rufin tanki. Kafin ka mayar, tabbatar babu ɗigon ruwa ko ɗaya a ciki, ka ɗauraye da ɗan mai ka zubar. Ka naɗe tankin da sabon soso, don girgiza tana sa mai ya yi kumfa, sai ka ɗauka yoyon iska ne alhali ba shi ba ne.

5. In mai ta bakin kafireto yake fita

Wannan sau da yawa ba yoyo ba ne, zama ne bai yi daidai ba. Tsakiyar tanki ya kamata ta yi daidai da tsayin allurar kafireto, ko ta ɗan yi ƙasa da ita kaɗan. In tanki ya fi kafireto tsayi, mai zai riƙa gangarowa da kansa ko inji a kashe, abin da ya fi damun jiragen da aka kifa injinsu kai ƙasa. Maganin shi ne a sauke tankin, in babu hali a riƙa matse tiyon da ɗan maƙali har lokacin tayarwa.

Rana ma tana yin nata. Ka cika tanki, ka toshe layin iska don kada ya ɗiga a mota, ka bar jirgi a rana, tururin mai ya kumbura ya tura shi ta hanya ɗaya da ta rage, wato kafireto. Haka nan wanda ke zuba mai ta layin da bai raba shi da kafireto ba.

Gargaɗi: injin da ya cika da mai kada ka ɗora masa sitata. Mai ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Juya farfela da hannu tukuna, in ta cije, cire filogi, kifa jirgin, juya har man ya fita, fuskarka a gefe.

6. Allura da gindin kafireto

Yanzu muka iso jikin inji. Kafin ka taɓa allura, rufe ta a hankali kana ƙirga zagaye nawa ta yi, ka rubuta, don ka mayar da ita inda take. Da ka ji ta tsaya, tsaya. Tsininta da mazauninta masu laushi ne, matsi ɗaya ya isa ya ɓata su.

Kwance ta ka dubi zoben robar da ke jikinta. In ya baje, ya tsage ko ya ƙandare, sauya. In babu sabo a kusa, akwai dabarar da ta daɗe tana ceton mutane: yanko tiyon silikon kamar milimita 4 zuwa 5, ka zura a jikin allurar yadda in ka ɗaura ta zai matsu tsakaninta da mazauninta. Ba ya da kyan gani amma yana aiki. Ka duba ɗan bututun da tiyo ke hawa, wani lokaci shi ne ya saki ko washarsa ta fashe. Injin da allurarsa take a baya, kamar 46AX, yana da ƙarin guntun tiyo tsakanin allura da kafireto, a wuri mai zafi kuma, kar ka manta da shi.

Sai gindin kafireto. Kama shi ka girgiza, bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Sassauta abin da ya riƙe shi, zaro shi, sauya zoben da ke ƙarƙashi. Sirrin mayarwa shi ne ka danna kafireton ƙasa da babban yatsa da ƙarfi, zoben ya matsu, sannan ka ɗaure kana danne. Wanda ya ɗaure bai danna ba ya bar ƙofa a buɗe.

In kana son ka ga yoyon da idonka, toshe bakin kafireto da mafitar hayaƙi, shafa ruwan sabulu a gindin kafireto da allura da murfin baya, ka tura iska da sirinji ta hanyar mai. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Gargaɗi: ruwa abokin gaban boris ne. Bayan wannan gwajin ka goge, ka busar, ka ɗiga man shafawa a cikin inji nan take. In lokacin hunturu ne kuma, kada ka buɗe kafireto a tsakar gida iska na kaɗawa, ƙurar da za ta shiga ta fi yoyon illa.

7. Murfin baya, filogi da kan inji

Murfin baya sukuru huɗu ne. Kafin ka kwance, gwada ɗaure su, sau da yawa iyakar matsalar ke nan. In sai an buɗe, ka kwance a hankali, ka kankare tsohon gaskit da katako ko farce, ba da wuƙa ba, don alminiyon ba ya jure ƙarzuwa. Sa sabon gaskit ko zobe. In babu, shafa silikon mai jure zafi siriri ƙwarai, kamar kana shafa man leɓe. Ɗaure sukuru a gicciye, wannan sannan na kishiyarsa, kaɗan-kaɗan har su yi daidai. Ka lura da yadda murfin yake kafin ka cire, wasu suna da yanka a sama don fistin ya samu wurin sauka, in ka juya shi fistin zai doke shi.

Gargaɗi: silikon in ya yi yawa ciki yake matsowa, ya gutsure ya bi mai ya kashe filogi. Ka ba shi awa 24 ya bushe kafin ka tayar. Alankin da bakinsa ya cinye kuma kada ya kusanci waɗannan sukurun, in ramin kansu ya lalace ka shiga uku.

Filogi gwajinsa sauƙi ne. Ɗiga mai a kewayensa, juya inji da hannu ya wuce kwamfireshan. In kumfa ya fito ta gindi, washar jan ƙarfe ce ta gaji ko babu ita ma sam. In ta tsakiya ya fito, wajen sandar da batir ke kamawa, filogin ya gama yayi. Da yatsu ake fara ɗaura filogi, sifana ta ƙarasa da ɗan matsi kaɗan. Kan inji ma haka za ka gwada shi da ɗigon mai, ka ɗaure sukurunsa a gicciye inji yana sanyi. Ba a sa silikon a nan, siririyar washar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ita ce gaskit, kuma kaurinta ne ke saita kwamfireshan, kada ka ƙara kada ka rage.

A injin bugu huɗu ka ƙara da zobban bututun da sandunan bawul ke bi, da zoben bututun da ya haɗa kafireto da kan inji.

8. Salansa

Baƙin man nan da na ambata galibi daga mahaɗar salansa da inji yake. Kwance, goge fuskokin biyu, sa gaskit ko siririn silikon, ɗaure, ka sake ɗaurewa bayan tashin farko inji da ɗumi. Duba ɗan bututun da ke ba tanki iska: in ya saki matsi zai ragu, in busasshen man zurma ya toshe shi ka zura siririyar waya.

9. Boris na gaba

Na bar shi ƙarshe da gangan, don shi ake yawan ɗora wa laifi kuma shi ne mafi wahalar aiki. Ɗan danshi a bayan abin da farfela ke zama a kai ba matsala ba ne. Abin da ke tare mai a wurin ba boris ɗin ba ne kansa, matsin da ke tsakanin karanshaf da ramin da yake juyawa a ciki ne, tare da ɗan man da ke kwance a tsakaninsu. Inji mai shan mai da yawa ma yakan ƙara jiƙa wurin, ka fara gyara saitin allura ka gani.

Lokacin damuwa shi ne in mai yana fesowa har yana jiƙa bayan farfela, silo ya ƙi zama, ko ka kama karanshaf ka ji yana motsi sama da ƙasa, ko yana ƙarar yashi in ka juya. Nan sai sauya boris, kuma biyun ake sauyawa tare. Ana cire kai da murfin baya da hannun silinda (bututun ƙarfen da fistin ke gudu a ciki) da fistin, a turo karanshaf ta baya, a gasa akwatin inji zuwa wajen digiri 120 zuwa 150 har alminiyon ya buɗe boris ya faɗo in an buga shi a kan katako. Sababbin a sanyaya su a firji, a ɗora na baya a kan karanshaf, a zura tun akwatin yana da zafi don su zauna a layi ɗaya. Ka yi wa fistin da sandarsa alama kafin ka cire, yadda suka fito haka za su koma.

Gargaɗi: guduma ba ta da aiki a nan, kuma kada ka riƙe fistin da ƙarfe ta mafitar hayaƙi don kwance noti. In ba ka taɓa yi ba, ka zauna kusa da wanda ya taɓa. Bakaniken babur mai hankali ya san aikin boris, amma sai ka tsaya a kansa, hannunsa ya saba da manyan kaya. In an sauya boris yoyon bai ragu ba, ramin akwatin ne ya cinye, kuma a tsohon inji mai araha gara ka haƙura da ɗan yoyon ko ka nemi wani injin.

10. Katakon da ya sha mai

In tanki ya daɗe yana yoyo a ciki, katakon balsa, wato katako mara nauyi da aka gina jirgin da shi, ya sha, kuma gam ba ya kama katako mai maiƙo. Barbaɗa garin sitaci ko hoda da yawa, bar shi kwana ɗaya, goge, maimaita har garin ya daina canza launi. Iska mai ɗumi daga na'urar busar da gashi tana taimakawa wajen fito da man, amma sai bayan ƙamshin metanol ya tafi. Daga nan ka dama gam mai haɗi biyu, ka tsinka shi da ɗan sifirit, ka shafe bangon inji da ɗakin tanki. Ka kama injin ka ja da ƙarfi, in bangon yana motsi sai an sake shi kafin jirgin ya tashi. Soson da ke kewaye da risiba, na'urar karɓar saƙon rimot, da batir in ya jiƙe, sauya shi.

11. Gwaji a ƙasa

Haɗa komai, goge inji ya bushe, barbaɗa hoda kaɗan a murfin baya da gindin kafireto da ƙarƙashin inji, bakin kafireto a toshe lokacin da kake barbaɗawa. Cika tanki ka bar jirgin minti goma ba ka tayar ba, ka leƙa ƙarƙashi. In a bushe yake, ɗaure farfela da kyau, wani ya riƙe maka wutsiya, ka tayar.

Dubi tiyon da ke zuwa kafireto, totur a buɗe duka. Mai ya tafi santal, babu jerin kumfa. Saita babbar allura har inji ya kai ƙarshen ƙararsa, sannan ka buɗe ta kaɗan ya ɗan sauko. Tunda ka toshe ƙofar da iska ke satar shiga, kada ka yi mamaki in tsohon saitin ya zama mai ya yi yawa, har ƙaramar allurar silo ma tana iya neman gyara. A silo, matse tiyon da yatsu: inji mai lafiya zai ɗan ƙara gudu na daƙiƙa uku zuwa huɗu kafin ya nemi mutuwa. In ya mutu nan take, mai ya yi masa kaɗan ko har yanzu yana shan iska a wani wuri. Sannan ku ɗaga hancin jirgin sama, totur a buɗe, na kamar daƙiƙa goma. In murya ta sauka, ƙara buɗe allura, in bai gyaru ba koma mataki na 4.

Gargaɗi: duk saitin allura daga bayan farfela ake yinsa, kuma kada kowa ya tsaya a gefenta ko gabanta. Hannun babbar riga, da igiyar rimot da ke wuya, da carbi, duk a tattare su kafin a tayar.

Ka bar shi ya sha tankin har ƙasa, don yoyon cikin tanki sai mai ya yi rabi yake nuna kansa. Bayan ya mutu, ɗauko tocila ka bi hodar daga hanci zuwa baya. In akwai layin danshi, bi shi zuwa inda ya faro. In babu, zuƙe ragowar man, tayar da injin ya ƙone abin da ya rage a cikinsa, ɗiga man shafawa na ajiyar inji ta kafireto ka juya farfela sau da yawa, don metanol yana jan danshi daga iska, da damina kuwa kwanaki kaɗan sun isa boris ya fara tsatsa.